Masana daji na gadi a Legas, dajin kuma na hannun 'yan bindiga

Wata safiya cikin daminar bara aka tashi da hayaniya a layinmu da ke Agege. Wata mata ce ta fito shanya, ta ga wani sawu ya ratsa taɓon bayan gidansu ya shige kwalbati, ta ƙwalla ihu wai maciji. Kafin ka ce kwabo layi ya cika. Wannan ya ɗauko sanda, wancan ya ce a zuba kalanzir, wani kuma yana ta laluben lambar masu feshi a waya. Dattijon da ke gadin gidan da ke kallon namu, wanda duk layin ke kira Baba, ya taso da butarsa a hannu, ya durƙusa ya dubi taɓon. Bai yi minti ɗaya ba ya miƙe ya ce guza ne, kuma ba babba ba. Ga jan wutsiya a tsakiya, ga farata hagu da dama, maciji kuwa ba shi da ƙafa balle farce. Ya ƙara da cewa da asuba ya wuce, tunda ruwan dare bai shafe sawun ba. Aka yi dariya, wasu suka ce tsoho dai yana son kwantar wa mutane da hankali ne. Bayan kwana biyu yara suka ga guzan yana shan hantsi a bakin kwalbatin.

Da yamma na kai masa goro, na zauna a kan bencinsa. Na ce, "Baba, ashe kai maharbi ne?" Ya yi murmushi ya ce, "Da can, ɗana. Ubana ma ita ce sana'arsa. A bakin dajin Rugu aka binne cibiyata." Ya ce ya yi kusan shekara 40 yana shiga dajin nan, ya san inda ruwa ke kwanciya har bazara, ya san hanyar da za ka bi daga ƙasar Safana ka ɓulla Zamfara ba ka taka kwalta ba. Yanzu shekara shida ke nan aikinsa buɗe get da rufe get. Sai ya kawo wata magana da ta ba ni dariya a lokacin, daga baya kuma ta tsaya min a rai. Wai yaran garinsu da suka biyo shi Ikko, da gada suke bi a daji, yanzu a ƙarƙashin gada suke kwana. Da kura suke gudu, yanzu kura suke turawa suna sayar da ruwa.

Tun ranar nake juya abin. Ƙasar nan tana zubar da maƙudan kuɗi wajen neman yadda za ta ƙwato dazuzzukanta daga hannun 'yan bindiga, alhali mutanen da suka fi kowa sanin dazuzzukan suna nan zube a Legas, suna gadi, suna yankan farce, suna jan kurar ruwa, suna tsintar gwangwan a bola, ba wanda ya taɓa tsayar da ɗayansu ya tambaye shi abin da ya sani. Iliminsu kuwa ba a takarda yake ba. Ranar da aka kai mutum makwancinsa, da shi aka rufe.

Kakanninmu Kurmi suke ce wa ƙasar nan, kuma har gobe in tsohuwa a ƙauye ta ce ɗanta ya tafi Kurmi, kowa ya gane inda take nufi. Daga itatuwa sunan ya fito, irin duhuwar nan da rana ba ta ratsawa. Goro ne ya fara jan Bahaushe zuwa nan. Agege da muke ciki gonakin koko da goro ne a farkon ƙarnin da ya wuce, kuma da layin dogo ya isa Kano a 1911 fatake suka ajiye jakai suka hau jirgi, Zango ya kafu, huhun goro ya riƙa tafiya Arewa, shanu suna gangarowa. Wasu Yarbawan ma suna cewa sunan Agege kansa daga masu saran itace ya samo asali. Yau ka tsaya a kan gadar sama ta Pen Cinema ka duba gabas da yamma, in ka hango bishiyar goro ɗaya na ba ka tukuici. Kwanon rufi ne da bulo iyakar ganinka. Mun baro daji a baya, mun zo Kurmi mun tarar babu kurmin.

Cin rani kuwa, kamar yadda sunansa ya nuna, rani ake zuwa ci. Mutum ya gama girbi, ya zuba hatsi a rumbu, ya taho ya yi dako ko gadi ko faskare na wata huɗu ko biyar, ya rage wa rumbun baki ɗaya. Da an aiko cewa shamuwa ta sauka ko an yi ruwan shuka, sai ka ga tasha ta cika da masu komawa, kowa da buhunsa da sabon rediyo da turmin atamfar uwargida. Yanzu je ka Mile 12 ko Alaba Rago ko Idi-Araba a tsakiyar watan Yuli, lokacin da ya kamata a ce duk mai ƙarfi yana duƙe a gona, ka ga yawan matasan da ke wurin. Tambaye su abin da ya hana su tafiya. Wani zai ce gonarsu a bakin daji take. Wani zai ce sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a yi shuka, a sake biya kafin a cire amfani. Wani kuma an riga an sayar da gonar an biya kuɗin fansar mahaifinsa. Ko da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, ana kama babura ana murƙushewa, da yawa ba su koma gida ba. Sun sauya sana'a ne, ko sun matsa bakin iyakar Ogun. Mai wurin komawa ba ya jure irin wannan.

Wanda bai tashi a ƙauye ba zai ɗauka daji fili ne kawai da ba a kai ga ginawa ba. Mu kuwa rabin abincinmu daga can yake fitowa, ba kuma da sisin kwabo ba. Da bazara ɗorawa ta nuna, yara su sha garinta baki ya yi rawaya, mata su tara kalwa su dafa daddawar da za ta kai su wata shekara. Farkon damina kaɗanya ta fara zuba, 'yan mata su yi sammako su tsinto, a ci naman, a shanya ƙwallon a fitar da man kaɗe, a yi girki da shi a shafa a jiki a kai saura kasuwa. Kuka ta ba da miya da ganyenta, ta ba da kwalba da nono da 'ya'yanta, ta ba da igiya da ɓawonta. Ga tsamiya ta kunu, ga aduwa da magarya da kanya da ɗinya, ga goriba da ake saƙa tabarma da kabarta, ga muruci daga giginya. Gawo kuwa shi kaɗai ne mai saɓa wa 'yan'uwansa, yana zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ya tofo da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Shi ya sa manomin kirki ba ya ɗora masa gatari. Ciwon ciki akwai sassaƙen maɗaci, mai jego akwai sabara, maƙeri yana da gawayin ƙirya, mai gini yana da gamba ta zana da shuci na jinka. Tsofaffin da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 za su gaya maka cewa da rumbu ya ƙare, tafasa da yaɗiya da sauran ganyayen daji ne suka riƙe rayuka har aka ga sabon gero.

Can ne kuma makarantar farko. Yaron da aka ba sanda da gora aka tura kiwo, kafin ya kai shekara 12 ya san lokaci da inuwarsa, ya san gabas da gamzaki, ya san kaza da 'ya'yanta a sama, ya bambanta sawun dila da na kare, ya san kasa ba ta gudu sai dai kai ka kauce mata. Farauta ma tana da shugabanni da ƙa'ida. Da rani ake gayya, a fita da ganga da karnuka da kirari, da damina kuwa a ƙyale namun su hayayyafa. Baba ya ce a zamaninsu wanda ya harbi barewa mai ciki da gangan, sai ya sha kunya a gaban Sarkin Baka.

Kada dai begen gida ya sa mu yi ƙarya. Daji ba aljanna ba ne. Kububuwa ta kashe mutanen da ba a kai su ko bakin asibiti ba, ƙishirwa ta kashe wasu, 'yan mata sun yi tafiyar awa biyu da damin itace a ka, kuma kiwon nan da nake yabo shi ya hana dubban yara zama a aji. Da yawa daga cikin waɗanda suka taho Legas da can, murna suka yi da rabuwa da wahalar. Amma su da ƙafarsu suka taho, da niyyarsu, kuma hanyar komawa a buɗe take.

Yanzu ita kanta kalmar an ƙwace mana. In ka ji an ce "an shiga da su daji", ba ka bukatar ƙarin bayani. Haka aka ce a kan ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 a Disambar 2020, haka aka ce a kan 'yan matan Jangebe a Fabrairun 2021, da fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris na 2022, da yaran Kuriga a Maris na 2024. Rugu, Kamuku, Kuyambana, Sububu, Sambisa, duk sunaye ne da a da maharba da makiyaya da masu ɗiban zuma ke ambata da sha'awa. Yau sai a labaran hari ake jin su. Sambisa wurin ajiyar namun daji ne kafin Boko Haram ta mai da shi sansani. Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari tun 1999 yake cikin jerin gandayen daji na ƙasa, amma wa zai ɗauki iyalinsa yau ya ce za su yawon buɗe ido can? Har sunan da talaka ya raɗa wa masu kashe shi, ɓarayin daji, ya nuna wanda ake ganin shi ne mai wurin a yanzu. Yaron da aka haifa a Agege ko Obalende, in ka ce masa daji, bindiga yake gani a ransa.

Ko da ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba 'yan bindiga ne suka fara cin dajin ba, sun tarar an bar shi ne ba mai shi. A zamanin En'e akwai malaman daji da ke zagayawa a kan keke, kuma wanda ya sare ɗorawa ko gawo ba izini ya san zai gurfana gaban alƙali. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Sannu a hankali aka bar ma'aikatan gandun daji ba abin hawa ba kayan aiki, aka yanka gandaye aka raba wa manya suka yi gonaki, ƙananan manoma suka cinye burtali, makiyayi ya rasa inda zai bi da shanunsa sai ta cikin shukar wani. Mu kanmu talakawa mun cinna wa daji wuta don gafiya guda. Mun sare ɗanyen itace mun turbuɗa shi a ƙasa mun yi gawayi, kuma ina buhunan suke zuwa? Birane, har da nan. Mai tsire da mai shayi da uwargidan da tsadar gas ta kora, duk muna cikin masu saye, ni ma da buhu a bayan ƙofar kicin ɗina. Sannan ga abin da ya faru da maɗobiya, itacen da a Taraba ake kira madrid: cikin 'yan shekaru, daga wajen 2014, aka yi ta kwantar da ita a Taraba da Adamawa da Kogi ana loda manyan motoci, ta tashoshin jiragen ruwan Legas ɗin nan aka fitar da ita zuwa Sin don yin kujerun alfarma. Yaranmu ne suka riƙe zarton, wasu yaranmu kuma suka yi dakonta a Apapa. Ladan yini suka samu, bishiyar da ta yi shekaru masu yawa tana girma kuwa ta tafi ke nan.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda sanin daji ya koma abin zargi. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana cikin azumi, wasu mafarauta 'yan jihar Kano sun taso daga Fatakwal za su gida Sallah a cikin babbar mota. A Uromi ta jihar Edo 'yan sintiri suka tare su, suka ga bindigogin gargajiya, aka ce masu garkuwa da mutane ne, taron jama'a ya kashe mutum 16. Gwamnan Edo ya je har Kano ta'aziyya, amma wanda ya tafi ya tafi. A makon da abin ya faru Baba ya ciro wata tsohuwar wuƙar fiɗa da ya taho da ita daga gida, gadon mahaifinsa, ya ba wani direban da ke zuwa Katsina ya ce a kai wa ƙaninsa. Ya ce min, "Ɗana, a garin nan gara a same ka da bashi da a same ka da kayan maharba."

Sai dai adalci ya sa in ce tsoron masu masaukinmu ba daga sama ya faɗo ba. An sace mutane a kan hanyar Legas zuwa Ibadan an shige da su daji, an kashe manoma a gonakinsu a Oyo da Ondo da Edo, kuma a cikin waɗanda aka kama akwai 'yan Arewa. Musun wannan ba zai amfane mu da komai ba. Daga wannan tsoron aka kafa Amotekun, rundunar sintiri ta jihohin Yarbawa, a 2020, daga shi Legas ta yi dokar hana kiwon sake a 2021. Mutumin da aka taɓa sace ɗan'uwansa, in ya ga baƙi da bindiga da karnuka sun sauko daga mota a bakin dajin garinsu, ba zai tsaya tambayar ko gada suka zo nema ba. Wannan ba uzurin kisa ba ne, kuma duk wanda ya sa hannu a abin da ya faru a Uromi hukunci ya kamace shi. Amma mu ma akwai abin da ya rataya a wuyanmu. Zamanin da maharbi zai rataya bindiga ya ratsa jihohi biyar ba takarda ba sanarwa ya wuce. Ƙungiyoyin mafarauta da sarakunan Hausawa na Kudu su ne ya kamata su riƙe rajista, su ba da katin shaida, su kai baƙon maharbi gaban basaraken gari da 'yan sanda kafin ya taka dajin mutane. In ba mu tantance namu da kanmu ba, taron masu sanduna ne zai tantance mana.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda aka yi saurin mantawa. A Nuwambar 2014, bayan da Boko Haram ta kama Mubi har ta sauya mata suna, mafarauta da 'yan sintiri na cikin waɗanda suka taimaka wa sojoji aka ƙwato garin. Ba makamai suka fi soja ba. Sun san ƙasar ne, sun san wace hanya ce ke ɓullewa bayan dutse, wane rafi ne ke ƙafewa, ina mutum zai ɓuya in ya gudu. Sojan da aka ɗauko daga wata jiha aka sauke a bakin Rugu, komai jaruntarsa, baƙo ne, ɗan bindigar da yake nema kuwa a nan ya yi kiwo tun yana yaro. Jirgin sama yana ganin rufin itatuwa, ba ya ganin wace rijiya ce kaɗai ke da ruwa a watan Afrilu, alhali duk mai zama a dajin dole ya zo gare ta. A watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince a ɗauki masu gadin daji a faɗin ƙasa. Tunani ne mai kyau. Fargabata ita ce a mai da shi rabon guraben aiki, kowane ɗan siyasa ya kawo yaransa na birni waɗanda ba su taɓa kwana a waje ba, a ɗinka musu kaki, a bar irin su Baba a kan benci saboda ba su da takardar sakandare.

Na san abin da za a ce min, kuma mai faɗar yana da gaskiya: mun ga abin da 'yan sa-kai suka yi a Zamfara. Kisan da aka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni ba shari'a yana cikin abin da ya hura wutar da ke cin mu yau. Don haka ba cewa nake a raba wa tsofaffin maharba bindigogi a tura su ramuwa ba. Wanda aka ƙona wa gari aka kashe wa ɗa, in ka ba shi makami ba ka sa masa linzami ba, sabuwar masifa ka shuka. Abin da ke kansu nake magana. A ɗauke su jagorori da masu ba da shawara a ƙarƙashin hukuma, da albashi, a zauna da su da taswira su nuna mashaya da mafaka da tsofaffin burtali. Kuma kada a ce Hausawa kaɗai. Babu wanda ya kai Bafulatani makiyayi sanin daji, kuma dubbansu an kwashe musu shanu sun tsere kamar kowa. Wasu suna nan Oko-Oba da Alaba Rago suna kiwon dabbobin wasu a kan ladan yini. Duk tsarin da ya ware su gefe ya rasa rabin ilimin tun kafin ya fara, ya kuma tabbatar wa na cikin dajin cewa yaƙin ƙabila ake yi da su.

Wannan na gwamnati ne, kuma na san saurin gwamnati. Akwai wanda yake namu. Kwanaki 'yata, wadda a nan aka haife ta, tana jin Hausa da Yarbanci da Turancin titi kamar ruwa, ta ga ina zuba garin kuka daga leda ta tambaye ni a wace masana'anta ake yin sa. Na yi dariya, sannan na ji kunya. Ba laifinta ba ne, ba ta taɓa tsayawa a gindin kuka ba, kuma shekara biyar ke nan ban kai su gida ba saboda hanya. Tatsuniyar Gizo da kura da dila malamin daji a wurinta duk ɗaya suke da zanen da take kallo a talabijin. A hutun da ya biyo na tattara su da 'ya'yan maƙwabta muka tafi Lekki Conservation Centre, ɗan kurmin nan mai faɗin hekta 78 da gidauniyar kare muhalli ta NCF ta keɓe tun 1990. Muka bi ta kan katakon da aka shimfiɗa a fadama, birai na tsalle a kanmu, manyan suka hau gadar igiyar nan mai tsawon mita 401 da ta bi ta saman itatuwa. Ba kuka ba gawo, itatuwan Kurmi ne, amma na ga abin da ya faru da yaran da suka ji shirun wurin. Ƙaramin cikinsu ya riƙe hannuna ya yi min raɗa, wai me ya sa ba a jin janareto.

Da ka fito daga ƙofar wurin kuwa sai kwalta da dogayen gine-gine. Legas, wadda ta fi kowace jiha ƙarancin ƙasa, tana yi wa fadamunta abin da muka yi wa dazuzzukanmu: daga Lekki zuwa Ajah har hanyar Epe ana cike su da yashi ana gini, duk damina kuma ruwan da ya rasa makwanci ya shigo falon mutane. A gandun dajin Omo da ke jihar Ogun, tafiyar 'yan awoyi daga nan, har yanzu akwai sauran giwaye, amma yawancin mazauna birnin nan ba su ma san da su ba. Wato ba mu kaɗai ne ke mantuwa ba.

Makarantun Islamiyyarmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12 suna tara kuɗin walimar sauka da na ɗinkin anko. Motar haya ɗaya a shekara da za ta kai yara su ga itace a tsaye ba za ta gagare su ba. Kowane matashi a cikinmu yana da wayar da ke ɗaukar murya, yana kuma cika ta da abin da ba zai amfane shi gobe ba. Tsofaffin nan suna bakin get ɗinmu, suna rumfar mai shayi, suna sahun gaba a masallaci. Ga masu tallar sassaƙe da saiwa da muke wucewa muna yi wa kallon 'yan magori, alhali a cikinsu akwai wanda ya san itace ɗari da amfaninsa, ko da yake akwai na bogi, ban musa ba. Ga tsofaffin mata, waɗanda su ne ma suka fi maza sanin abin da ake ci da wanda ke kisa. Gwaggona da ke sayar da daddawa a Idi-Araba tana iya shinshina kalwa ta gaya maka ko ta bana ce ko ta bara. Ba a taɓa rubuta ko kalma ɗaya daga bakinta ba. Jami'o'inmu na Kano da Zariya da Sakkwato suna da sassan Hausa da na nazarin tsirrai. Ɗalibin da ke neman abin bincike, ga shi nan a Legas yana jiran mai tambaya.

Ni dai na fara da wanda ke kusa da ni. Daren Juma'ar da ta wuce na ajiye wayata a kan bencin Baba na ce ya lissafa min itatuwan dajin Rugu, kowanne da inda yake fitowa da abin da ake yi da shi. Da farko ya ƙi, ya ce, "Wa zai saurari wannan, ɗana?" Da ya fara kuwa sai ya rufe ido, yana nuni da hannu kamar yana tafe a cikinsu: ga marke a kan tudu, ga kanya a bakin rafi, ga taura, ga faru, ga tsada, ga wata ƙatuwar tsamiya da suke rataya amya, wadda ya ce in ba a sare ta ba mutum uku ba za su zagaye ta da hannu ba. Ina ƙirgawa a zuci, mun kai sittin da 'yan kai, ya shiga bayanin wata saiwa da ake ba wanda kunama ta harba. Sai aka danna ham a waje, sau biyu, da ƙarfi. Ya buɗe ido, ya laluba takalminsa, ya ce in tsayar da abin tukuna, maigida ya dawo.